Harsashin da Kofur Naomi Ta Zaɓa

Samarin da ke zama a bencin ƙofar gidana a Pantami, duk ran da suka dawo daga gidan kallo sai sun kawo mini zancen bindiga. Sun san na yi aikin ɗamara, sun kuma san yawancin shekarun aikin a ɗakin makamai na yi su, don haka suke so in gaskata musu abin da suka gano a fim. Ran nan Sadiƙu, ɗan maƙwabcina mai tuƙa keke mai ƙafa uku, ya miƙe tsaye ya gwada mini yadda jarumin ya riƙe ƙaramar bindiga a kowane hannu, yana gudu yana harbi, ko hularsa ba ta goce ba.

"Baba, ai ƙaramar nan ba ta da wata wahala," in ji shi. "Ka saita, ka danna, shi ke nan. Ko ƙanwata za ta iya."

Na ce masa ƙanwar tasa wataƙila ta iya, shi ne dai nake shakka. Suka bushe da dariya. Da dariyar ta lafa na ce su gyara zama, tunda sun taɓo inda nake da abin faɗa.

Duk bindigar da ta tura harsashi gaba, sai ta tura mai riƙe da ita baya. Mu a bariki shuri muke ce wa wannan. Babbar bindiga tana da nauyin da zai shanye shurin, tana kuma da gindin da za ka jingina a kafaɗa. Ƙarama ba ta da ko ɗaya. Duk abin da albarushi ya yi a cikinta, a tafin hannunka da wuyan hannunka zai sauka. Mutane suna ganin ƙanƙantarta su ɗauka ita ce mai sauƙi, alhali a cikin kayan da na kula da su babu mai wuyar sha'ani kamarta.

Harsasan ma ba ɗaya ba ne. Sai ka jera guda uku a tafin hannu, tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, duk su shiga bindiga ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Wani marinka zai yi, tas. Wani tura ka zai yi a hankali. Wani kuma laushinsa ya yi yawa har ya kasa ƙarasa aikinsa. Abin da ya riƙe ni a wannan sana'a ke nan. Tun ina yaro ba na iya ganin abu ya yi wani iri in wuce ban tambayi dalili ba, har rediyon babana na taɓa kwancewa don in ga mutumin da ke magana a ciki.

Wanda ya koya mini aiki wani tsohon saje ne, Babarbare, ana ce masa Baba Kyari. Ƙarar harbi ta riga ta cinye masa kunne ɗaya, saboda haka in zai yi magana sai ya ɗaga murya kamar kana tsallaken kogi. Ranar da aka kai ni wurinsa na zaci bindiga zai miƙo mini. Bokiti ya miƙo mini. Ya ce duk ran da aka je filin harbi, aikina in bi bayan masu harbi ina tsince kwanson harsashi, wato ɓawon tagullar da bindiga ke tofarwa bayan ta tashi. Na yi ta tsinta ina ƙunƙuni, ina cewa ashe shara aka kawo ni.

Sai da aka ɗan kwana biyu ya fara tambayata. Ya ɗauko kwanso ɗaya daga bokitin ya ce, "Wannan a ina ka tsince shi, kusa da ƙafar mai harbi ko nesa?" Na ce ban lura ba. Ya ce gobe in lura. Da na fara lura sai na ga abin mamaki. Harsashi mai zafi yana jefa kwansonsa nesa, mai laushi kuwa a gindin takalmin mutum yake sauke nasa. Wani kwanson bakinsa ya lotse, wani ya yi baƙi da hayaƙi ta gefe ɗaya. Kowanne da labarin da yake bayarwa game da bindigar da hannun da ya riƙe ta. Daga baya ya hana ni kallon allon da ake harbi. Ya ce allo ba ya gudu, za ka same shi in an gama. Ka kalli idon mai harbi da wuyan hannunsa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai siririyar sandar da ake zura wa bututu, da burushin waya, da tsumma, da man bindiga, da 'yar gudumar tagulla wadda ba ta yi wa ƙarfe tabo. Akwai kuma madubin ƙara girma, wanda Baba Kyari ke ratayawa a wuya kamar laya. Da shi muke duba gindin harsashi, inda masu ƙira ke buga alamarsu, mu san daga wane kwali ya fito.

Masu zuwa tagarmu kowace safiya karɓar bindiga kuwa, kowa da irin nasa. Akwai wanda in ba ka ba shi mafi girma ba sai ya ga kamar ka rage masa girma. Akwai wanda zai dawo da ita da yamma da ɓawon gyaɗa a bututu. Wani kofur ya taɓa shafe tasa da man shanu, wai ya fi na gwamnati kyau, washegari muka tarar da tururuwa sun yi layi har cikin ɗakin makamai. Duk bariki ba mai kiran mai wannan aiki da sunansa. Amora ake ce mana, kuma da Baba Kyari ya yi ritaya sunan ya dawo kaina.

Akwai wata al'ada a barikinmu da Baba Kyari ya tsana. Muna da wani harsashi mai zafi ƙwarai wanda aka yi domin wata bindiga mai nauyi da ake riƙewa da hannu biyu, amma girmansa ɗaya da na ƙaramar bindiga, yana shiga cikinta daram. In sabon mutum ya zo harbinsa na farko da ƙarama, sai tsofaffin hannu su faki ido su zura masa wannan mai zafin. Yana jan kunama, bindigar ta yi tsalle, wuta ta fito, hannunsa ya tashi sama, su kuma su faɗi ƙasa don dariya. Harsashin barka da zuwa suke ce masa. A wurinsu wasa ne, har suna cewa yana cire wa mutum tsoro. Baba Kyari ya ce ba ya cire komai, dasawa yake yi. A lokacin ban gane ba sosai. Sai a muguwar shekara na gane.

Kun san shekarun da nake nufi, lokacin da bam ke tashi a garin nan, mutum ya fita tasha bai san ko zai dawo ba. Mu a ɗakin makamai, shekarar ta zo mana da fuska biyu. Harsashi mai kyau duk an kwashe an yi gabas da shi inda ake fafatawa. Abin da aka bar mana ragowa ne, kwali kaza daga nan, kwali kaza daga can. Ga damina ta yi ƙarfi, rufin ɗakin ya fara yoyo, na wuni ina ɗaga akwatuna a kan bulo ina shanya waɗanda suka sha danshi. Mutane ma haka ake kwasarsu. Duk wanda ba shi da takamaiman aiki a cikin gari, sai ka ji an tura shi gabas, ba a kuma faɗa masa ranar dawowa.

A wannan shekarar ce Kofur Naomi ta tsaya a tagata. 'Yar Tangale ce, gajeruwa, tana zaune a Herwagana da tsohuwarta da 'yarta guda. Mijinta ya rasu. 'Yar, Rahila, tana da ciwon sikila, kuma in ciwon ya tashi sai an kwana da ita a asibiti, tsohuwar kuwa ba ta iya ɗaukarta. Kowa a bariki ya san haka, don mun sha ganin Naomi ta zo fareti da idanu jajir.

Sai ga dama ta samu. Wata mai shari'a a garin nan an yi ta aiko mata da barazana, aka ce a ba ta mai tsaron lafiya mace, wadda za ta iya shiga da ita ko'ina, cikin kayan gida, da ƙaramar bindiga a ɓoye ƙarƙashin riga. Aka zaɓi Naomi, da sharaɗin ta ci gwajin harbi da ƙaramar. In ta ci, ta zauna a Gombe kusa da 'yarta. In ta faɗi, ta bi motar gabas. Ta yi gwajin farko ta faɗi warwas, aka ce an ba ta dama ɗaya ta ƙarshe.

"Oga Amora," ta ce da ni, "ka taimake ni. Ban san me ke damun hannuna ba."

Ni ma abin ya ɗaure mini kai, don na san harbinta da babbar bindiga. Mata da maza, kaɗan ne suka fi ta. To me zai sa wadda ke samun allo daga nesa ta kasa samunsa yana gabanta? Na je na nemo allon gwajin nata na duba. Ramukan duk sun taru a ƙasa, ta hagu, wasu ma a cikin ƙasa suka shige. Mai rawar hannu warwatsa harbi yake yi ko'ina. Wannan ba warwatse yake ba. Hannun yana zuwa wuri ɗaya ne kullum, sai dai ba wurin da aka aike shi ba.

Na nemi izini na kai ta filin harbi, can bayan gari a gindin dutse. Na karɓi gidan harsashin na juya mata baya na cika shi da kaina. A tsakiya na saka wani na koyarwa wanda ba shi da albarushi, ban gaya mata ba. Ta harba na farko, ƙasa. Na biyu, ƙasa. Da ta zo kan wofin ta ja kunama, ba ƙara, ba wuta, sai ɗan ƙas. Amma bakin bindigar ya duƙa ƙasa kamar kaza ta kai wa tsaba sara, idanunta kuma a rufe gam.

Ta buɗe ido ta dubi bindigar, ta dube ni.

"Oga, ni na yi wannan?"

"Ke kika yi. Bindigar ba ta ce komai ba."

"Amma wallahi ba tsoro nake ji ba."

"Na sani. Ke ba kya tsoro, hannunki ne ke tsoro. Wa ya cika miki bindiga ranar da kika fara harba ta?"

Ta faɗi sunayensu, ta ce har tafi suka yi mata. Ranar ina can wajen karɓo kaya, ba na nan. Ashe barka da zuwa suka yi mata. Tun daga ranar, duk lokacin da yatsanta ya taɓa kunama, hannun sai ya riga bindigar, ya danna ta ƙasa don ya tare marin da yake jira. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba lokacin faɗa ba ne, kwanakin da suka rage mata ba su da yawa.

Na koma ɗakin makamai na baje abin da nake da shi mai shiga wannan bindiga. Iri uku ne. Ga mai zafin nan, shi kam ko kallonsa ban yi ba. Ga wani mai laushi da aka yi don koyar da sababbi, kansa ba nauyi, albarushinsa kaɗan. Ga kuma na tsakiya, mai ɗan nauyin kai, wanda ba ya mari, turi yake yi, amma turin na gaske ne. Shi wannan na tsakiyan kaɗan ya rage mini, ina ji da shi kamar tsohuwa da daddawarta.

Da mai laushin muka fara. Harbin farko ta runtse ido tana jiran mari, marin bai zo ba. Ta sake, bai zo ba. Kafin mu tashi a ranar idonta ya fara zama a buɗe. Na kuma lura mariƙin bindigar yana zame mata in tafinta ya yi gumi. Da zan koma gida na tsaya wurin wani mai faci a Bagadaza na karɓi guntun tsohon tib ɗin keke, na yanka na sa wa mariƙin kamar safa. Mai facin ya tambaye ni me zan yi da shi, na ce maganin zamewa ne, ya ce Allah ya ba da lafiya.

Cikin 'yan kwanaki Naomi ta koma wata daban. Da mai laushin nan sai ta tara ramuka a tsakiyar baƙin allo, ka rufe su da tafin hannu ɗaya. Waɗanda suka yi mata tafin mugunta suka fara zuwa kallo, ba mai dariya. Ni kaina na fara cewa an gama.

Sai ran nan tana cikin harbi bindigar ta tsaya. Na duba, kwanso ya maƙale a tsaye a bakin ramin da yake fita, saman bindigar ya cije shi. Na cire, ta ci gaba. Can an jima ta sake tsayawa.

Bari in gaya muku yadda abin yake, don a nan sana'ar take. Irin wannan bindiga da shurin take aiki. Shurin ne ke tura samanta baya, ya tofar da kwanso, sifirin da ke cikinta ya dawo da shi ya ɗauko sabon harsashi. In ka rage shurin, hannu ya ji daɗi. In ka rage shi fiye da kima, bindigar ta rasa ƙarfin da za ta ciyar da kanta. Saboda haka mai neman harsashi mai sauƙin shuri ba mafi laushi yake nema ba. Yana neman mafi laushin da bindigarsa za ta yarda da shi kowane lokaci, a hannunsa shi, ba a hannun wani ba.

Abin ya hana ni sukuni. Na wanke bindigar tas na shafa mai, ta ɗan yi sauƙi, ba ta daina ba. Na canja gidan harsashi, haka. Na harba da hannuna, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Na miƙa mata, ta yi lafiya da farko, da hannunta ya gaji ta tsaya. Na durƙusa ina duban inda kwanson nata ke sauka, ga su nan a kan takalminta, ko tsalle ba sa yi. Nan na gane. Hannuna ya fi nata nauyi, yana tsayawa kamar bango, ɗan shurin duka ya tafi wurin aikinsa. Nata in ya gaji yana ɗan bin bindigar baya, ya sace kaɗan daga ƙarfin, kuma mai laushin ba shi da rarar da za a sata. Na yi murnar gano dalili, har na manta cewa dalilin ba alheri ba ne gare ta.

Muka gwada na tsakiya. Bindigar ba ta tsaya ba ko da hannun ya gaji, kwanso na tashi gefe yadda ya kamata. Amma turin ya tuna wa hannunta abin da ya fara mantawa. Ramukan suka buɗe, wasu a baƙi, wasu a gefe, ɗaya-ɗaya na neman ƙasa. In an yi gwaji a ranar, ko ta ci da ƙyar ko ta faɗi da ƙyar.

Ba ni da harsashin da zan yi ta ba ta tana koyo. Sai na koma ga wata dabara da Baba Kyari ya koya mini. In ta sami sarari da rana, ta zo barandar ɗakin makamai, in tabbatar bindigar ba komai a ciki, in ɗora kwanso a tsaye a kan bakinta, ta auna bango ta ja kunama ba tare da kwanson ya faɗo ba. Da farko yana faɗowa tun kafin ta ja. Masu wucewa suna tsokanarta, wai kofur ta koma wasan yara. Ba ta ko ɗaga kai. Wata rana ta zo daga asibiti kai-tsaye, ko gida ba ta biya ba, ta tsaya tana yi har aka busa fareti.

Ana gobe gwaji na kira ta ciki na ajiye kwali biyu a kan tebur. Dokar gwaji ba ta ce ga irin harsashin da za a yi da shi ba, ta ce dai wanda amora ya bayar. Na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce gwajin ba shi da tsawo, hannunta ba zai kai ga gajiya ba, da mai laushin za ta ci ba ko tantama. In ta ci, ranar da za ta fara aiki sai in cika mata da na tsakiya wanda ba ya tsayawa. Ban karya doka ba, ita ma ba ta karya ba.

Ta daɗe tana kallon kwalayen.

"Oga, wanne zan riƙa ɗauka in ina bayan matar nan?"

Na nuna mata na tsakiya.

"To da shi za a gwada ni."

"Kofur, ki yi tunani. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne. Ki tuna da Rahila."

"Da ita nake kwana da ita nake tashi, Oga, ba sai an tuna mini ba." Ta ture kwalin mai laushin gefe. "Matar nan ita ma an ce tana da yara. Za ta riƙa tafiya tana ganin akwai mutum a bayanta. In da wanda zan ɗauka ba na iya samun allo, ai ba kowa a bayanta, ni kaɗai zan san haka, da kai. Ba zan iya shiga coci ran Lahadi da wannan a raina ba."

Na ji haushinta, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kwanaki ina neman mata hanya, na samo, ta sa ƙafa ta ture. Na ce mata taurin kai ne. Ta ce ta ji, ta gode. Na mayar da mai laushin cikin akwati na rufe da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Ranar gwaji gari ya tashi da hadari, iska tana kaɗa allon. Wanda aka turo ya yi gwajin wani babban jami'i ne daga wata jiha, ba ruwansa da kowa, bai san Naomi ba, bai san Rahila ba. Na cika gidan harsashi a gabansa na miƙa mata. Na koma baya inda na saba tsayawa, ban kalli allo ba.

Harbin farko idonta a buɗe. Na biyu a buɗe. A na uku na ga fatar idon ta motsa, bakin bindigar ya ɗan sunkuya, na san wannan ya tafi ƙasa. Ta tsaya. Ta sauke numfashi, ta gyara riƙo, ta matsa hannun sama sosai don ta danne turin. Ta matsa fiye da kima, saman bindigar da ya dawo baya ya yanke ta a tsakanin babban yatsa da manuni. Na ga jini yana bin robar keken nan yana ɗiga. Ba ta duba ba. Ta ci gaba da harbi a natse, ɗaya bayan ɗaya, har bindigar ta tsaya a buɗe alamar ta ƙare.

Muka taka zuwa allon mu uku. Akwai adadin da dole ya shiga cikin baƙi. Jami'in ya bi ramukan da alƙalami yana ƙirgawa, ya tsaya saura ɗaya ta cika. Ga wani rami a daidai bakin layi, rabi fari, rabi ba a san ko me ba, takardar ta yage. Ya duƙa ya duba. Ya miƙo mini hannu ba tare da ya juyo ba.

"Amora, ba ni harsashi ɗaya."

Na ba shi. Ya zura kansa a ramin a hankali har ya zauna daidai, ya kawo ido kusa. Gefen harsashin ya hau kan baƙin layin, kaɗan, amma ya hau.

"Ya taɓa," in ji shi. "Ta ci. Kofur, je ki a ɗaure miki hannun nan."

Ta ƙame ta sara masa da hannun mai jini. Ko murmushi ba ta yi ba. Na ɗauka ko ba ta ji ba ne.

Da aka ɗaure hannun aka sallame ta, na ga ba za ta iya riƙe kan babur ɗinta ba, na ce ta hau nawa in kai ta. Muka shiga Herwagana ana yayyafi. Tsohuwarta tana zaune a baranda, ta miƙe da ta gan mu, tana duban fuskar 'yarta tana duban bandejin. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Daga inda nake tsaye na hango babbar jakar bariki a tsakar ɗaki, an cika ta an ɗaure, takalman fareti a kai, bargo a naɗe a gefe. A kan jakar wata 'yar siririyar yarinya ce zaune, ta rungume gwiwoyinta.

"Tun da kika fita take nan," in ji tsohuwar. "Ko koko ta ƙi sha. Ta ce in ba ta sauka ba, ba mai ɗaukar jakar."

Sai a lokacin na gane. Tun jiya, bayan ta ture kwalin da na miƙa mata, ta dawo gida ta haɗa kayan tafiya gabas. Ba ta zaci za ta ci ba.

Naomi ta shiga ta durƙusa a gaban yarinyar.

"Sauka, Rahila," ta ce. "Hannuna ɗaya ne yau. Zo ki taya ni kwance kayan nan."